Daƙiƙa Huɗu

Kakana Eleuterio akwati gare shi mai ƙafa uku,
jan fentinsa duk ya ɓaɓɓare.
Shekara arba'in da ɗaya yana kafa shi a dandalin Echaurren,
can gindin tuddan Valparaíso,
inda iska ke ƙarnin kifi da man jirgi.

Ba maɓalli, ba batir.
Murfi ne kawai a bakin gilashi:
ya cire, ya ƙirga huɗu, ya mayar.
"Kada ki ƙirga da baki," in ji shi, "sai mutum ya yi dariya.
Ƙirga da babban yatsan ƙafa, cikin takalmi."

Sai ya zura hannu ta hannun tsohuwar kwat
da ya ɗinke a jikin akwatin,
yana lalube a duhu, ido a sama, kamar ungozoma.
Tasa biyu ne a ciki,
ɗaya ta tashi hoto daga barci, ɗaya ta hana shi gudu.
Yatsunsa uku sun rine har farce,
sabulu ya yi iyakar yinsa ya haƙura.

Takardar farko dodo ce,
fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari.
Doña Ercilia mai suyar kifi ta leƙa,
ta ga furfurarta ta yi baƙi wuluk,
ta ce, "Bar min shi haka, kada ka gyara."
Ta biya kuɗin biyu, ta tafi da dodon a ƙirji.

Rana tsaka, a cewarsa, ba ta ƙaunar fuska,
rami take haƙa wa mutum ƙarƙashin ido.
Jira gajimare. In sanyin Yuli ya shigo, ƙara biyu a kan huɗun.

Ya ɗauki matuƙan jirgi da huluna a karkace,
'yan dakon tasha ranar albashi,
yaro cikin takalmin aro da ya fi ƙarfin ƙafarsa,
da wata mata mai zuwa duk shekara
ta tsaya can gefe, ta bar gurbin mutum ɗaya a damanta.
Bai taɓa ce mata ta matso tsakiya ba.

Shi kuwa ko ɗaya ba shi da shi.
Wanzami ba ya son jarfa.

Ina 'yar sha huɗu na matsa masa har ya zauna,
ya gyara kwala, ya ɗora hannuwa bisa gwiwa,
yana gunaguni kan tsadar takarda.
Na cire murfi.
Ɗaya. Biyu.
A na uku wani ya ƙwala masa kira daga ƙofar kasuwa,
ya waiga.

Kwat ta fito raɗau, har zaren maɓallin da ke reto.
Yatsun nan uku sun fito.
Tantabarar da ke bayansa ma ta fito, da yake ita ta natsu.
Fuskar kuwa hayaƙi ce,
kunne biyu a wuri ɗaya, gashin baki ya ja doguwar jela.
Ya duba, ya ce, "Asarar peso ɗari biyu."
Ya wurga a bokiti. Na tsamo, na shanya a cikin littafin lissafi.

Bai sake zama ba, ni ma ban sake roƙo ba.

Yanzu akwatin na ɗakina, bisa tudun Cordillera.
Ran Lahadi nakan sauko da shi a kafaɗa, matakala ɗari da sittin,
baƙi su kewaye shi da wayoyinsu,
su ɗauki hotonsa sau goma kafin mutum ɗaya ya zauna.
Ba na jin haushi. Nakan jira gajimare.

Da dare nakan buɗe littafin.
Na yi ta ƙoƙarin tuna muryar da ta kira shi,
ta mace ce ko ta namiji, bashi ne ko gaisuwa,
ban samo ba.
Shi dai yana nan yana waigawa,
yatsana kuma cikin takalmi
yana kan uku.